Igiyar da Aka Ja a Kwance

Ka taɓa ganin rabon gadon da lissafinsa ya cika cif, liman ya duba ya ce babu kuskure, aka shafa fatiha aka watse, alhali zalunci ne tsagwaronsa? In ba ka taɓa gani ba, biyo ni mu shiga gidan marigayi Malam Mato, a wata hilla, wato ƙauyen Hausawa, da ke bakin kogi tsakanin Sinnar da Hajj Abdalla, cikin daminar 2006.

Da hantsi ne. Zamzam, autar gidan, tana tsugune ƙarƙashin rumfa tana shimfiɗa ƙullun kisra, faffaɗar wainar dawa marar kauri, a kan kasko. Inna Mairama tana zaune a angarib, gadon katako mai saƙar igiya, da farin mayafin takaba, kwananta hamsin ke nan da rasa miji. Gefe guda Hasina, babbar ɗiyar gidan, tana tsefe wa 'yarta Amina kai. Ita ma mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ta dawo gidan ubanta da yara uku.

Ƙasimu, ɗa namiji tilo, ya yi sallama ya shigo riƙe da takarda. A bayansa Umair ne, da igiyar awo a kafaɗa.

Umair ɗan goggon Zamzam ne, taubashinta, kuma shi ne wanda Malam Mato ya yi wa alkawarinta watanni kaɗan kafin ya kwanta ciwo. Ya yi difloma a birnin Madani, ya dawo da mitar awo ta ƙarfe a aljihu, amma mutanen hilla suka ce su ba su san wannan zancen ba. Igiyar kaba mai ƙulle-ƙulle da ubansa Malam Audi ya gada wurin nasa uban, ita suka sani, da ita aka raba kowace gona a garin, kuma yanzu tana hannunsa. Kullum ya shigo gidan sai ya tsokani Zamzam, ya ce kisrarta ta fi tafin takalmi kauri, ita kuma ta ce wanda ya yi shekara uku a Madani ya dawo yana yawo da igiya kamar mai neman jakinsa ba shi da bakin magana. Ranar nan kuwa bai tsokane ta ba. Ya gaida Inna, ya tsaya jikin ƙofa yana kallon ƙasa.

Ƙasimu ya zauna ya karanta. Abin da Malam Mato ya bari mai daraja ɗaya ne, jarfi, wato gonar gaɓar kogi wadda ruwa ke hawa da damina, in ya janye ya bar baƙar laka mai maiƙo. An kasa ta kashi talatin da biyu. Inna huɗu, Ƙasimu goma sha huɗu, Hasina bakwai, Zamzam bakwai. Liman Abdulmuttalib ya duba a zaurensa ya sa hannu.

"Inna, ni na ɗauki na ƙasa," in ji Ƙasimu yana naɗe takardar. "Yanzu haka yana cikin ruwa, ko ganinsa ba a yi. Ni namiji ne, na iya kokawa da bahar, na saba da kogin. Ku na bar muku na sama, kusa da gida, inda ruwa ba ya cin gaɓa."

Inna ta share ƙwalla da bakin mayafi, ta sa masa albarka, ta ce haka ubansa zai so. Hasina ta yi godiya.

Kisra ta fara ƙauri a kasko, Zamzam ba ta kula ba. Tun tana 'yar shekara takwas take bin ubanta jarfi, shi yana taka salluka, sandar shuka mai bakin ƙarfe, yana huda laka, ita tana bayansa tana jefa iri. Ta san gonar nan taku-taku. Ta san ruwa bai hau ɓangaren sama ba yau shekara shida, ƙasar ta zama fako, itacen ƙaya da ake kira miskiti ya cinye rabinta. Ta kuma san ƙa'idar garin da kowane yaro ya sani: jarfi a tsaye ake raba shi, daga tudu zuwa ruwa, kowane magaji ya sami doguwar tsaga wadda ƙarshenta ke taɓa kogi, komai siririntarta.

"Yaya," ta ce, "a tsaye anka ja igiyar ko a kwance?"

Ƙasimu ya yi dariya, ya ce ashe gidan ya sami injiniya ba a sanar da shi ba, ta fara ceto kisrarta tukuna kafin ta ceci gona. Zamzam ba shi take kallo ba. Umair ya gyara igiyar a kafaɗarsa, ya juya ya fita ko shayi bai tsaya sha ba.

Bayan la'asar ta same shi a gindin bishiyar darbejiya da ke bakin tudu, inda suka saba tsayawa kowa na ganinsu. Turakun da ya kafa suna nan a jere, layi ɗaya miƙe, yana bin tsawon kogi. Ba ta buƙaci tambaya ba. Shi ma bai yi musu ba. Ya ce Ƙasimu ya same shi tun ranar sadakar arba'in, ya tuna masa cewa yanzu shi ne waliyyinta, kuma alkawarin mamaci ba ɗaurin aure ba ne. In ya ja igiya yadda aka ce, a ɗaura da zarar Inna ta fita takaba. In ya ƙi, to ya jira har gemunsa ya yi fari. Ya ce ya auna sau uku, ko taƙi ɗaya bai rage wa kowa ba.

"Don ke na yi, Zamzam. Mi za ki yi da jarfi? Na ubana ya ishe mu."

"Hasina fa? Ita ma aurenta za ka yi?"

Ya kau da kai ya dubi turakun.

Ta roƙe shi ya je ya faɗa wa Liman, tun da turaku ne kawai, ana iya tuge su. Ya ce ba ta gane ba. In ya furta cewa ya ja igiya a kwance da saninsa, za a karɓe ta daga gidansu bayan kakansa da ubansa sun riƙe ta ba a taɓa yi musu zargi ba, kuma tsohuwarsa ba za ta iya ɗaga ido a gidan biki ba. Ya ce ta bari a ɗaura auren, daga baya sai a san yadda za a lallaba Ƙasimu. Zamzam ta daɗe tana kallon ruwan, jajawur da shi, yana tafe da itatuwa daga kudu. Ta cire zoben azurfar da ya sayo mata a Madani ta ɗora a kan turken da ya fi kusa da ita.

"Ba wani nake so ba, Umair, kuma zan jira. Amma ba na shiga ɗakin da anka biya sadakinsa da gonar yayata."

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ɗaci. Da ta bayyana wa Inna yadda abin yake, ta zaci za ta kira Ƙasimu ta tsawata. Inna ta ce ta riga ta sa albarka a rabon, ba ta janye albarka, kuma in Zamzam ta kuskura ta kai ɗan'uwanta gaban Liman ko kotun Sinnar, to ta nemi wata uwar. Goggo, uwar Umair, ta zo har gida tana kuka, ta ce an mayar da ɗanta abin dariya, kayan aure suna jibge a ɗaki tururuwa na bi. A wurin ɗiban ruwa mata suka sa mata suna Zamzam Mai-ƙasa. Wata ta ce yarinyar da ta zaɓi fako ta bar saurayi mai difloma, sai ta jira fakon ya kawo mata goron sallah. Hasina ma, wadda ake yi dominta, ta kama hannunta ta ce don Allah ta bari, ita ta yafe, kada ta rasa miji saboda ita. Zamzam ta ce wanda bai san abin da aka ɗauke masa ba bai yafe ba tukuna, ta zo su je ta gani da idonta.

Ba ta kai ƙara ba, don maganar Inna. Ba ta kuma ɗauki zoben ba.

Da ruwa ya janye a watan goma, mutane suka gangara jarfi, su ma suka gangara. Zamzam ta ɗauki sallukar ubanta ta dafa ta taka, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo. Sati uku suka yi ita da Hasina suna saran miskiti, hannuwansu duk tsaga, kafin su sami wurin da za su shuka kuɓewa da wake. Ruwa kuwa sai a jarka bisa jakin maƙwabci, kuma ba ta hanya miƙaƙƙiya ba. Ƙasimu ya dasa albasa tun daga turaku har bakin ruwa, ya ce jaki zai tattake masa kwami, sai su zagaya ta mashayar shanu. Wani mai injin ban ruwa ya ji tausayinsu ya ce zai ja musu tiyo in sun yarda a raba amfanin gona, Ƙasimu ya ce tiyo ba zai bi ta gonarsa ba. Shukar ta fito, ta kai tsawon yatsa, ta yi rawaya, ta kwanta. Daga inda suke tsaye suna hango albasarsa shar, taku hamsin ne tsakani.

Wani lokaci in sun zo da sassafe sai su tarar an sare musu wani ɓangaren ƙayar an tara gefe, ko jarkoki cike a gindin darbejiya. Zamzam ta san hannun waye. Ta aika masa ta bakin Goggo cewa ta gode, amma ba jarka ta roƙa ba.

Damina ta sake zuwa, ruwa ya tsaya inda ya saba tsayawa, ƙasa da turaku. Suka sake shuka, ta sake ƙonewa. Ƙasimu yana aiko wa Inna kwandon albasa da tumatir, kuma duk garin sai an ji cewa shi ke ciyar da gidan ubansa. Hasina ta gaji da cin sadaka daga gonar da take da haƙƙi a ciki. A watan ɗaya na 2008, da mai ɗibar ma'aikata ya zo neman masu tsinkar auduga a gonakin wajen Hajj Abdalla, ta ba da sunanta. Ta cire Amina daga aji shida don hannu biyu ba su isa cika buhu ba.

Ranar tafiya lori ya tsaya a bakin kasuwa da safe. Zamzam ta ɗauko musu tabarma da kasko da ƙullin garin dawa. Tana miƙa ƙaramin yaron sama ta hango Umair a kan bencin mai shayi, kofi a hannu. Hasina ma ta gan shi. Ta sauko daga lorin da ta riga ta hau, ta je har gabansa ta rusuna, ko da yake ta girme shi.

"Ɗan Goggo, za mu tafi. In na taɓa yi maka laifi ka yafe mini. Ga Zamzam nan, kada ka riƙe ta a zuciya, ƙuruciya ce."

Ba gatse ba ne, har zuciyarta ta faɗa, kuma abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan. Amina ta leƙo daga saman lori da jakar makarantarta rataye a wuya, ta ƙi yarda a bar ta a gida, ta ɗaga masa hannu. Zamzam ta ga shayi yana zuba a kan jallabiyarsa bai sani ba. Lori ya tashi. 

Juma'ar wannan makon, Zamzam tana tsakar gida tana tankaɗe, Inna tana jan carbi. An idar da salla, lasifikar masallaci ta yi ƙara kamar yadda take yi in za a yi cigiyar akuya. Sai muryar Umair ta fito.

"Jama'a, ni Umair ɗan Audi. Jarfin Malam Mato, a kwance na ja igiya, da sanina. Lissafin daidai ne, rabon ba daidai ba ne. Na ba mata uku fako na ba namiji ruwa, don a ba ni aure. Ga igiyar gaban Liman."

Rariya ta faɗi daga hannun Zamzam. Ta juya ta dubi Inna. Carbin ya tsaya cak a yatsunta, fuskarta kuma ba ta nuna komai ba.

Washegari Liman Abdulmuttalib, tsoho mai ciwon gwiwa wanda ya yi shekaru bai gangara kogi ba, ya dogara sandarsa ya sauka. Ya ce ba zai duba komai ba sai matan gidan sun zo sun tsaya, abin da ba a taɓa yi ba a awon gona a hillar. Zamzam ta zo, Inna ta ƙi. Ya soka sandarsa a saman turaku ta ƙi shiga, ya soka a ƙasansu ta nutse har rabi. Ƙasimu ya ce takarda tana nan da sa hannun Liman, kowa ya sami kashinsa, a nuna masa inda shari'a ta ambaci tsaye ko kwance. Liman ya ce shari'a ta ce a ba kowa rabonsa na abin da aka bari, kuma abin da Mato ya bari gona ce mai ruwa, ba faɗin ƙasa ba. Ya ce laifin farko nasa ne, ya duba takarda bai duba ƙasa ba, yana neman gafarar Allah da ta matan nan.

Aka bar Ƙasimu ya cire albasarsa, sannan aka tuge turaku aka sake ja daga tudu zuwa ruwa. Ba Umair ya ja ba. Dattawa sun karɓi igiyar sun ba wani gida, Goggo ta yi wata biyu ba ta fita ko ta'aziyya.

Hasina ta dawo bayan an gama tsinka, ta rame, ƙaramin yaron yana fama da zazzaɓin da ya kwaso a bakin magudanan ruwa. Ya warke. Amina kuwa an yi jarrabawa ba ta nan, da aka ce ta maimaita aji ta ji kunyar zama da ƙannenta, ba ta sake komawa ba. Jakar tana rataye a ƙusa har yau.

Ƙasimu ya ce shi ba waliyyin kowa ba ne, sai wani baffansu daga Sinnar ya zo ya ɗaura auren. Inna ta sa aka haɗa tsagarta da ta ɗanta, ta kwashe kayanta ta koma gidansa kwana uku kafin a sa lalle. Zamzam ta bi ta har ƙofa tana kuka, ta durƙusa ta ce ba ta kai ƙara ba, ba ta karya maganarta ba, shekara ɗaya da rabi tana jiran gaskiya ta fito da kanta.

"Na sani," in ji Inna. "Kin sami gaskiyarki. Ni kuma ɗana anka kira a lasifika."

Ta shige. Bikin ya kasance ƙarami, babu kiɗa. Zoben da Umair ya tsince a kan turke ya ajiye, shi ya mayar mata, ya yi mata yawa a yatsa don ta rame, sai da ta naɗa masa zare.

A watan goma na wannan shekarar ruwa ya janye. Zamzam ta gangara ƙarshen tsagarta, siririya ce, mutum biyar in suka riƙe hannu sun tare faɗinta. Ta dafa sallukar ubanta ta taka, ƙarfen ya nutse lumus cikin laka. Umair yana biye da ƙwarya yana jefa iri, aikin da mata da yara ke yi, masu wucewa suna yi masa ba'a wai difloma ta yi rana. Ya ce musu ai ya samu ƙarin girma, da igiya yake ja, yanzu shi ake ja. A dama Hasina da Amina suna dasa albasa a tasu. A hagu, bayan turke, Ƙasimu ne sunkuye.

"Yaya, ina kwana?" ta ce.

Bai ɗago ba. Haka take gaishe shi kowace safiya, haka take tsayawa a ƙofar gidansa kowace Juma'a ta miƙa wa Inna kuɓewar farko da tumatirin farko. Ana karɓa. Ba a ce mata ta shigo ba tukuna.

Haƙurinta ya dawo mata da gona, ya dawo mata da mijin da za ta iya kallo ido cikin ido. Bai dawo da karatun Amina ba, bai dawo da zaman tsakar gidan Malam Mato ba. Duk wannan asarar daga wuni ɗaya ta fito, wunin da maza biyu suka gangara da igiya, matan gida suna ɗaki, liman yana zaure. Adalci a gado bai tsaya ga lamba ba. Kashi bakwai na fako da kashi bakwai na laka suna ɗaya a takarda, ba ɗaya ba ne a tukunya. Kuma saurayin da ya yarda ya cuci 'yar'uwarki don ya same ki, sai ya gyara kafin ya cancance ki.

Kai mai karatu, in akwai gona ko gida ko kanti da za a raba a danginku, kada ka tsaya ga takarda. Ka tashi ka je wurin da ƙafarka, ka tafi da uwarka da 'yan'uwanka mata su tsaya su gani, kowa ya taɓa rabonsa da hannu kafin a shafa fatiha. In kuwa an riga an raba tuntuni, ka je yau ka tambayi goggonka ko yayarka wane ɓangare aka ba ta, kuma ko ruwa yana kaiwa can.